Kwalba Arba'in a Gindin Tsamiya

Shekarar da nake nufi ita ce wadda aka karɓe fam da sule aka miƙo mana naira, shekara guda bayan motoci sun koma hannun dama. A farkon daminarta rana ta yi husufi da tsakar rana har kaji suka nemi makwanci. Masu ƙidaya kuwa ba su zo sun shafa mana tawada a yatsa ba sai bayan ƙaramar salla. Wanda ya iya lamba sai ya lissafa. Ni ban shiga aji ba, Rabi matar ɗana ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini baki.

Abin da ya tono mini wannan shekara azumin bana ne, da ya riske ni a Guangzhou ta ƙasar Sin. Autana Habibu, wanda ke haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena, shi ya kawo ni a cire mini yanar ido. Muna hawa na goma sha huɗu. Wata safiya na dafa bango zan miƙe, sai na ji tafina ya jiƙe. Na ce Rabi, famfo ya fashe. Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, lokacinsa ne. Haka garin nan yake yi duk shekara, bango gumi yake." Madubi na zubar da ruwa, tayil na santsi, zanin da aka shanya ya kwana uku bai bushe ba. Na tsaya ina kallon ruwa yana gangarowa a bango babu mai sha, ga ni da azumi a baki. Sai na ga fuskar Iya.

Iya Tabawa kakata ce, mahaifiyar Baba. Gidanmu a ƙauye yake, arewa da Kano, ana ce masa Gidan Tsamiya saboda itatuwan tsamiya bakwai da kakan Baba ya dasa a bayan gida, kowace da amya biyu ko uku a reshe. Da tsamiyar nan da zumar nan muke yin abin da aka san mu da shi: lamurje mai ido. Kowa na yin lamurje, ban hana ba. Amma namu idan aka zuba a ƙoƙo sai ka ga ƙananan ƙwayoyin iska suna tasowa daga ƙasa a jere, suna tsikarin harshe. Su muke kira ido. Iya ta gada daga uwar mijinta, ita kuma daga tata uwar. Maza su kula da itace da ƙudan zuma, mata su kula da tukunya.

Ga yadda ake yi, don ba ɓoyayyen abu ba ne, wahala ce ke korar mutane. Tsamiyar bana ba ta shiga, sai ta shekara a rumbu ta yi baƙi. A jiƙa ta, a tace da farin ƙyalle, a daka citta da kanumfari da ɗan masoro, a zuba zuma. Sannan a ɗebo ludayi guda daga uwa. Uwa wata 'yar tukunya ce da ba ta kai tulu ba, tana ƙuryar ɗakin Iya. Ruwa ne a ciki mai rai, kullum sai an ba shi cokalin zuma da ɗan garin citta da ruwan rijiya, in ka kara kunne ka ji yana sheshsheƙa. Ba a taɓa wanke tukunyar nan ba tun kafin a haifi Iya. Uwar nan ce ke sa wa lamurje ido.

Daga nan a ɗura a kwalba, a toshe da totuwa da aka naɗe da ƙyalle, a ɗaure da zare, a liƙe da kakin zuma. A kai ɗakin duhu a kife su a jiƙaƙƙen yashi, baki ƙasa, a karkace. Bayan kowace salla a juya kowace kwalba kaɗan, don guggubi ya gangaro ya taru a wuya. In za a sha, a sassauta totuwa da babban yatsa, guggubin ya yi tsartuwa ya fita, a ɗago da sauri. Abin da ya rage garau yake kamar idon zakara.

Doka ɗaya ce a gidanmu. Kwana biyu. Iya takan ce, "Kwana biyu namu ne. Na uku ba na Musulmi ba ne." Abin da ya shiga kwana na uku ya fara juyawa zuwa giya, ƙasa ce ke shansa. Shi ya sa limamin garinmu yake buɗe baki da lamurjenmu bai taɓa tambaya ba.

To, a shekarar nan ruwa ya sauka sau biyu bayan husufi, muka yi shuka, ya ɗauke. Muka sake shuka, ya yi yayyafin da bai jiƙa bayan akuya ba, ya ɗauke. Hadari zai haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu fito da ƙwarya da tukwane, iska ta zo ta watsa shi muna kallo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya naɗe ganye. Azumi ya kama a lokacin da ya kamata a ce ana yankan gero, amma babu wanda ya wasa lauje. Zafin kuwa irin wanda ƙasa ke dafa tafin ƙafa ne tun hantsi. Ina budurwa lokacin, ni da yayata Kande.

Aikinmu na kullum ga shi. Bayan asuba ni da Yaya Kande mu ɗauki tulu mu nufi ƙorama, don rijiyar gida mun ƙara wa guga igiya sau uku, a ƙarshe laka take kawowa. A ƙorama ma ba ruwa, rami ake tonawa a yashi har ya shanye tsawon mutum, a zauna ana jiran ya tsattsafo, ana kwasa da ludayi. Mata layi guda, ba mai hira, don magana ma yawu take ci. Rana ta take kafin tulu ya cika. Mu dawo mu tarar Inna ta tafi neman ganye: tafasa, yaɗiya, duk abin da bai kashe akuya ba. Baba da maƙwabta su tafi tonon gidan tururuwa, su kwaso 'yan ƙwayoyin da ta tara, a sheƙe, a raba. Da magariba kowa ludayi biyu na ruwa, sai kwaɗon ganye da dusa. Sahur abin da ya rage ne, in ya rage.

Ƙudan zuma suka tashi. Ranar da Baba ya hau ya sauko da amya babu nauyi, ya zauna a gindin itace har azahar. Zumar da ta rage a gidan tulu guda ce ta bara, Iya ta toshe bakinta da yumɓu ta tura ƙarƙashin gadonta.

Amma kullum da magariba, kafin ta kai komai bakinta, sai Iya ta ɗebi cokalin zuma, ta rage rabin ludayi daga ruwanta, ta zuba wa uwa.

Wata rana Baba ya kasa haƙuri. Ya tsaya a bakin ƙofarta ya ce, "Iya, yara na lasar dusa, ke kina ciyar da tukunya?"

Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai wannan, ruwanka na rage ko nawa?"

"Zumar fa?"

"Tukunyar nan ita ta yi maka aure. Ita ta saya maka jakin da kake taƙama da shi. Yau don ta tsufa ba ta kawo komai sai a bar ta ta mutu? To ni ma na tsufa, fara da ni."

Baba ya sunkuyar da kai ya fita. Yaya Kande ta toshe baki da gyale don kada dariya ta fito, ga yunwa ga dariya.

Azumi ya kai ashirin sai ga wani ɗan kasuwa daga birni, mai a-kori-kura, wanda ya saba ɗaukar lamurjenmu. Ya ce manya a birni na nema don shan ruwa. In za mu ba shi kwalba arba'in jibi da yamma, zai sauke mana buhun dawa. Buhu cikakke. Buhun dawa a shekarar nan, in an yi tattali an haɗa da ganye, zai kai gida kamar namu wata biyu.

Iya ta fasa yumɓun tulu. Zumar duka ta shiga, saura abin da ya manne a gindi. Ni da Yaya Kande muka yi sawu uku a ƙorama rana guda, da azumi, har na ga ƙasa na juyawa. Muka jiƙa, muka tace, muka ɗura, muka kife arba'in cif a yashi.

A nan aka yi kuskuren, kuma ni na yi shi. Yashin ɗakin duhu sai an yayyafa masa ruwa safe da yamma, sanyinsa ne ke riƙe lamurje kada ya yi gaggawa. Aikina ne. Washegari da yamma na ɗauko rabin tulun da aka ware wa yashi, sai na ga Inna zaune a inuwa leɓenta ya tsage har jini ya bushe a kai. Na duba yashi, na ga da sauran danshi a sama. Na ce a raina, kwana ɗaya dai. Na juye ruwan a randar sha. Da safe ma na yayyafa abin da bai kai a faɗa ba. Ban gaya wa kowa ba.

Mai azumi ba ya ɗanɗano, don haka a watan azumi da kunne Iya take aiki. Bayan la'asar ranar alkawari ta shiga juya kwalabe, ina biye da ita. Ta ɗauki ɗaya ta kara a kunne. Ta ajiye, ta ɗauki wata. Lafiyayyen lamurje raɗa yake yi, siririya. Ni kaina daga inda nake tsaye na ji wannan ba raɗa ba ce, gunaguni ne. Iya ta tura hannu cikin yashi har wuyan hannu, ta zaro. Ta dube ni. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Mai mota ya iso rana na shirin faɗuwa, ya sauke buhu a ƙofar gida, ya kwance bakinsa don mu gani. Jar dawa, tsabarta na ƙyalli. Aka kira salla. Iya ta sha ruwa, ta buɗe kwalba guda, totuwar ta yi tsalle har kan danga. Ta kurɓa, ta juya a baki, ta tofar.

Ta ce, "Ya juya."

Baba ya ce, "Iya, kwana biyu ne! Yau kwana biyu cif!"

"A wurinka. A cikin kwalba ya yi uku."

Mai mota ya karɓa ya shinshina, ya yi murmushi. Ya rage murya ya ce, "Iya, kada ki damu. Akwai inda zan kai shi, can ma sun fi son irin wannan. Buhu na nan yadda muka yi. Ba wanda zai ji."

Iya ta ce, "Idan suka tambaye ka na wane gida ne fa?"

"Ai sai in ce ban sani ba."

"Kakin da ke bakin kwalbar nan da yatsana a jiki. Duk wanda ya taɓa shan lamurje a ƙasar nan ya san ɗaurin zarena. Ɗaure buhunka, ɗan nan."

Baba ya durƙusa a gabanta, babban mutum da gemu. Ya ce, "Iya, don Allah. Lalura ce. Ko malamai sun ce lalura daban take." Inna na bayan ƙofa tana kuka ba sauti. Iya ta ce, "Lantana, kwaso su." Lantana ni ce.

Ni na kwaso su, huɗu huɗu, zuwa gindin babbar tsamiya. Ita ke buɗewa, tana tsiyayarwa. Ƙasar ta bushe har ba ta ko yin laka, tana shanyewa da ƙara kamar an zuba ruwa a kasko. Ƙamshin zuma da citta ya cika gidan da ba a ɗora tukunyar tuwo ba kwana goma sha. Arba'in. Na ƙirga su, don kowace ɗaya ni na jawo. Mai mota ya ɗaure buhunsa, ya ce bai taɓa ganin taurin kai irin na tsohuwar nan ba, ya tada mota.

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba, ko wani abin mamaki ya faru washegari. Babu abin da ya faru sai yunwa. Muka yi salla da kwaɗon tafasa. Baba ya sayar da jaki, ya tafi cin rani kudu, bai yi wa Iya sallama ba sai daga bakin zaure. Inna ta yi wata biyu ba ta haɗa ido da ita. Ni kuwa ban taɓa jin Iya ta gaya wa kowa maganar yashi ba. Ta bar su suna cewa zafi ne.

Da gindin tulun zuma ya ƙare, ta kira ni ɗakinta. Ta yage farin ƙyallen da muke tata da shi, ta tsoma a cikin uwa har ya sha, ta shanya a inuwa, ta sake tsomawa, sau bakwai. Da ya bushe ya yi tauri sai ta naɗe ta sa a ƙaramin gora ta liƙe da kaki. Ta ce, "Barci za ta yi, ba mutuwa ba. Ranar da ƙudan zuma suka dawo, ki jiƙa shi a ruwa mai ɗumi da zuma, ki jira."

Na ce, "Iya, ni? Ni ce fa na…"

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa. Kande ba ta taɓa ɓata ko kwalba ɗaya ba, ba ta san ciwonsa ba. Ke kuwa har ki mutu ba za ki sake barin yashi ya bushe ba."

Iya ba ta ga damina ta gaba ba. Ƙudan zuma sai bayan shekara biyu suka dawo. Na jiƙa ƙyallen, na kwana huɗu ina kara kunne a tukunya, ran na biyar na ji raɗa. Tun daga ranar ban yi tafiyar da ta wuce mako ba tare da ƙyalle a ƙugu ba. Da shi na zo garin nan, a cikin lalitata.

Na farkar da uwa a kicin ɗin Rabi. Ruwan famfonsu warin magani yake, sai ya kwana a buɗe kafin uwa ta karɓa. Tsamiya daga gida na zo da ita. Yashi kuwa, ku ji abin dariya, a shagon masu furanni Rabi ta sayo shi a leda. Muka zuba a baho muka tura bayan ƙofa. Mutanen Habibu da ke yini a kasuwannin Shahe da Baima suna cinikin tufafi, 'yan Kano da 'yan Nijar da wani Alhaji na zangon Kumasi, suka fara cika mana falo da magariba. Alhajin Kumasi ya kurɓa ya rufe ido ya ce rabonsa da irin wannan tun kakarsa na da rai.

Nan Habibu ya ga kasuwa. Ya kawo wani Basine mai masana'antar lemo, suna ce masa lawban, wato maigida. Mutum mai ladabi, ya karɓi kofi da hannu biyu, ya sha, ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Mama, gud, gud!" Ya tambaya ta bakin Habibu, kwana nawa yake yi bai lalace ba. Na ɗaga yatsu biyu. Ya ce wata biyu? Na ce kwana. Ya yi dariya har da tari, yana kaɗa hannu, "Meyo, meyo," wai babu wannan a kasuwa. Shi zai yi wanda zai shekara: garin ɗanɗano, sukari, a hura masa iska da inji. Ya ma zo da samfur. Na kurɓa bayan magariba. Idanunsa manya, suna faɗa da hanci, kafin ka ajiye kofi sun mutu. Sai Habibu ya nuna mini takardar da za a manna a jikin kwalba. Ban iya karatu ba, amma na ga zanen tsamiya. Na ce Rabi, me aka rubuta? Ta ce, "Iya Tabawa."

Na ce, "Auta, cire."

Ya ce, "Hajiya, girmama ta na yi. Kuma wannan ba ya juyawa ko ya shekara, halal ne tsantsa. Kwantena guda daga tashar jirgin ruwa ta Nansha, duk Kano sai ta san sunanta."

Na ce, "Ba ya juyawa don ba shi da rai. Ban ce haram ba ne, sayar da abinka. Amma matar da ta zubar da buhun dawa a ƙasa saboda kwana ɗaya, ba za ka ɗora sunanta a kan ruwan da ya shekara a cikin ƙarfe ba. Sa naka sunan, ai kana da shi."

"Hajiya, wannan tsohon labari ne."

"Ni ma tsohuwa ce. Fara da ni."

Lawban bai ji Hausa ba, amma ya ga fuska. Ya nuna kwalabe shida da suka rage a baho, wai zai tafi da su, jibi masu gwajinsa su auna ɗanɗanon. Jibi kwana huɗu ke nan. Na miƙe da sandata, na kwashe su zuwa wurin wanke-wanke, na buɗe ɗaya bayan ɗaya. Habibu na cewa "Hajiya! Hajiya!" Rabi ce ta matso ta riƙe mini ta ƙarshe, don hannuna ya gaji.

An cire sunan. Habibu zai yi lemonsa da sunan kamfaninsa, Allah ya ba da kasuwa. Kwana tara ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, irin ta bakin zaure, jinin Baba ne ba ƙarya. Amma ina lura da magariba: samfurin lawban na cikin firij, hannun Habibu kuwa baho yake nufa. Jiya na tarar da Rabi a bayan ƙofa ta kara kwalba a kunne, ɗaya hannun cikin yashi har wuyan hannu. Na yage ƙyalle na fara tsoma mata shi a cikin uwa. Rubuta, Rabi, ba sai kin kalle ni ba.

Cikin waɗanda suka tsaya a gindin tsamiya ran nan, Iya ta tafi, Baba da Inna sun tafi, mai mota na ji labarin rasuwarsa tun ina goyon Habibu. Saura Yaya Kande, tana ƙauye, ƙafa ta ƙi amma baki na nan, kuma sai ta ji wannan takarda za ta san maganar yashi. Tsamiya bakwai saura uku, har da babbar da ta sha arba'in. Sai ni. Sai uwa, ga ta can a kicin, hawa goma sha huɗu daga ƙasa, tana jiran cokalinta na magariba.